Double Indemnity: Fim ɗin da manyan Hollywood suka guda kafin ya zama ma'auni

A watan Yulin 1944, ana tsakiyar Yaƙin Duniya na Biyu, kamfanin Paramount ya saki wani fim mai launin baƙi da fari a gidajen sinima na Amurka, mai tsawon minti 107. Sunansa Double Indemnity. Daga takardar inshora aka ciro sunan, yana nufin sharaɗin da ya ce kamfani zai biya diyya ninki biyu idan mai inshora ya mutu ta wata hanyar haɗari da ba a cika samun irinta ba. Billy Wilder ne ya ba da umarni, ya kuma rubuta shi tare da Raymond Chandler daga wani gajeren littafi na James M. Cain. Barbara Stanwyck da Fred MacMurray da Edward G. Robinson su ne suka ja ragamarsa.

A yau duk wanda zai yi magana kan rukunin finafinan da ake kira fim nuwa, kalmar Faransanci mai nufin baƙin fim, da wuya ya kai ƙarshen zancensa bai ambaci wannan ba. Amma kafin a kunna masa kyamara, kusan duk wanda aka kai wa tayin aikin sai da ya ja da baya: masu tace finafinai, abokin rubutun darakta, da jerin jarumai maza. Ranar rabon lambobin yabo kuma hannu rabbana ya koma gida.

Labarin

Fim ɗin ya buɗe da tsakar dare a birnin Los Angeles, cikin shekarar 1938. Walter Neff, dillalin inshora mai shekara 35, ya shigo ofishinsu da raunin harsashi a kafaɗa, ya zauna gaban na'urar naɗar murya, ya fara faɗa wa abokin aikinsa Barton Keyes abin da ya aikata. Tun daga mintunan farko mai kallo ya san wanda ya yi kisan da dalilinsa. Abin da ya rage shi ne ganin yadda mutum mai albashi da mutunci ya kai kansa can.

Neff ya je gidan wani mai suna Dietrichson don sabunta inshorar mota, sai ya tarar da matar gidan, Phyllis. Ta tambaye shi ko za a iya yi wa mijinta inshorar haɗari ba da saninsa ba. Ya gane inda ta nufa, ya tashi ya tafi, amma zuciyarsa ta zauna a falon. Shekara 11 yana aiki a kamfanin, ya san kowace dabara da masu neman diyyar ƙarya suke yi da inda suke tuntuɓe, kuma ya daɗe yana raya wa kansa cewa shi zai iya yin ta ba a kama shi ba. Ya yaudari mijin ya sa hannu a takardar dala 50,000, wadda za ta koma 100,000 idan haɗarin jirgin ƙasa ne ya kashe shi. Suka kashe shi a cikin mota a hanyar tasha, Neff ya sa irin kayansa, ya ɗauki sandunan da yake dogarawa saboda karaya, ya hau jirgin a matsayinsa, ya dira daga taragon ƙarshe, suka ajiye gawar a kan layin dogo.

Shugaban kamfanin ya ce mutumin kashe kansa ya yi. Keyes, mai binciken masu neman diyya, wanda ya shekara 26 a wannan aiki, ya rushe wannan zato da alƙaluman da ya haddace. Daga baya wani ƙaramin abu ya hana shi barci: mutum yana da inshorar haɗari, ya karya ƙafa, me ya sa bai nemi ko kwabo ba? Amsar ɗaya ce, bai san yana da ita ba. Daga nan igiya ta fara tsukewa.

Daga kotu zuwa mujalla

Asalin labarin shari'a ce ta gaskiya. A 1927 wata matar aure a unguwar Queens ta birnin New York, Ruth Snyder, ta haɗa baki da saurayinta Judd Gray suka kashe mijinta, bayan ta sa an yi masa inshora mai sharaɗin ninki biyu. An zartar musu da hukuncin kisa a kujerar lantarki a kurkukun Sing Sing cikin Janairun 1928. Cain yana aikin jarida a New York a lokacin, kuma ya halarci zaman shari'ar. A 1936 mujallar Liberty ta buga labarinsa kashi-kashi.

Tun kafin a buga, manyan kamfanonin fim suna rububin sayen haƙƙinsa a kan dala 25,000. Sai Joseph Breen ya shiga tsakani. Breen shi ne shugaban ofishin tace finafinai da kamfanonin suka kafa da kansu don kada gwamnati ta kafa musu, kuma a wancan zamani fim ba ya samun shiga manyan gidajen sinima sai da hatiminsa. Ya aika musu da wasiƙa cewa labarin ƙazantacce ne, zai kuma koya wa matasa dabarar aikata laifi. Nan take kowa ya janye. Sai a 1943, da aka sake buga labarin a cikin littafi, Paramount ta saye shi a kan dala 15,000. Cain bai taɓa yafe wa Breen wannan giɓi na dala 10,000 ba.

A karo na biyu Breen ya sassauta, ya tsaya kan abubuwa kaɗan: kada tawul ɗin da Phyllis ta ɗaura a fitowarta ta farko ya yi ƙanƙanta, kada a nuna yadda aka yi da gawar dalla-dalla, kuma yanayin kisan Neff a ɗakin iskar guba ya yi muni da yawa. A ganina waɗannan takunkumai sun amfani fim ɗin fiye da yadda suka cutar da shi. Lokacin da Neff yake kashe mijin a cikin mota, kyamara ba ta nuna kisan ba, tana kan fuskar Stanwyck, tana riƙe da sitiyari, idonta a kan hanya, da wani ɗan abu a leɓenta da ba a kira shi murmushi ba. Da an nuna hannu a wuya, da tuni an manta da wurin.

Marubuta biyu a ɗaki ɗaya

An haifi Wilder a 1906 a wani gari da yanzu yake cikin Polan, ya yi aikin jarida a Biyana da Balin, ya gudu daga Jamus a 1933 bayan hawan Hitler, domin shi Bayahude ne. Mahaifiyarsa tana cikin waɗanda ’yan Nazi suka kashe. Double Indemnity shi ne fim na uku da ya ba da umarni a Amurka. Abokin rubutunsa na kullum, Charles Brackett, ya karanta labarin ya ce ba da shi ba. Furodusa Joseph Sistrom ne ya kawo sunan Chandler, marubucin labaran ’yan sandan ciki, wanda littafinsa The Big Sleep ya fito a 1939.

Chandler ya haura shekara 50, tsohon manajan kamfanin mai ne da shan giya ya raba shi da aikinsa, kuma bai taɓa rubuta fim ba. Ya iso yana neman dala 1,000 da mako guda ya gama aikin, aka gaya masa za a riƙa biyansa dala 750 kowane mako, kuma aikin zai ci watanni. Zaman bai yi daɗi ba ko kaɗan. Wilder mai zirga-zirga ne a ɗaki, da hula a ka da sanda a hannu, yana katse aiki don amsa wayar ’yan mata. Chandler, wanda ya yi makaranta a Ingila, ya ɗauki duk wannan rashin tarbiyya ne, har ya rubuta wa shugabannin kamfani takardar koke yana neman a ba shi haƙuri. Wilder ya bayar.

Duk da haka a babbar gardamarsu Chandler ne ya yi gaskiya. Wilder yana so a kwashe maganganun da ke cikin littafin Cain yadda suke, Chandler ya ce an rubuta su don ido ne, a baki ba za su zauna ba. Wilder ya ɗauko ’yan wasa suka karanta a gabansu, ya ji da kunnensa, ya sallama. Yawancin zantukan nan masu kaifi, inda Neff da Phyllis suke jifan juna da magana mai harshen damo, daga alƙalamin Chandler suka fito. Su biyun ne suka ƙirƙiro dabarar na'urar naɗar murya, suka canja ƙarshen labarin, suka kuma faɗaɗa matsayin Keyes har ya zama ginshiƙi. Cain da kansa ya ce a duk finafinan da aka yi daga littattafansa, wannan kaɗai ne yake da abubuwan da ya so a ce shi ya fara tunaninsu. Shi kuwa Chandler kafin a gama ya koma ga kwalba, kuma fim ɗin Wilder na gaba, The Lost Weekend, labarin marubuci mashayi ne.

Taurari uku

Barbara Stanwyck, wadda sunanta na yanka Ruby Stevens, an haife ta a Brooklyn a 1907, ta tashi marainiya. A 1944 babu macen da ta kai ta albashi a duk Amurka. Ta so rubutun amma ta ji tsoron fitowa a matsayin mai kisa da gangan bayan shekarun da ta yi tana fitowa a matsayin wadda ake tausaya wa. Wilder ya tambaye ta ko ita ɓera ce ko ’yar wasa, sai ta karɓa. Shi ne kuma ya sa mata hular gashi fara mai kama da ta arha, don a ga alamar jabu a jikin Phyllis tun daga nesa. Shugaban shirye-shiryen kamfanin, Buddy DeSylva, da ya ga hotunan farko ya yi ba'a cewa sun ɗauki Stanwyck an kawo musu George Washington. Wilder ya amsa daga baya cewa hular kuskure ce, amma an riga an yi nisa. Har yau masu sharhi ba su daidaita a kanta ba. Abin da ba a gardama a kai shi ne wasanta: ba ta ɗaga murya, ba ta zare ido, sai sarƙar ƙafa da baƙin tabarau da sanyin magana irin na mai lissafin cefane.

Neman wanda zai fito a Neff ya fi wuya. Alan Ladd, James Cagney, Spencer Tracy, Gregory Peck da Fredric March suna cikin waɗanda ba su karɓa ba. George Raft ya saurari labarin yana jiran inda Neff zai buɗe rigarsa ya nuna bajen ɗan sanda, da aka ce masa babu wannan wurin sai ya ce a kai kasuwa. Fred MacMurray tsohon mai busa saksafon ne da aka san shi da finafinan barkwanci da soyayya, kuma shi ma ya ce ba zai iya ba. Wilder ya yi ta binsa har ya gaji ya yarda. Zaɓin ya dace, domin fuskar mutumin kirki ake bukata, irin dillalin da za ka buɗe wa ƙofa ka ba shi kujera. Daga baya MacMurray ya koma fitowa a matsayin uba nagari a finafinan Disney da shirin talbijin My Three Sons, sai dai Wilder ya sake jawo shi ya fito a mugun shugaban ofis, na kamfanin inshora kuma, a The Apartment na 1960.

Edward G. Robinson, haifaffen Bukares ta Romaniya, ya yi suna tun 1931 a matsayin ɗan daba a Little Caesar, kuma bai so a sa sunansa na uku ba. Ya yi la'akari da shekarunsa, ya ga za a biya shi daidai da sauran biyun a kan kwanakin aiki kaɗan, ya karɓa. A wurina shi ne ya tafi da fim ɗin. Keyes gajere ne mai masifa, gwauro, aljihunsa cike da alƙaluma, yana cewa akwai wani ɗan mutum a cikin cikinsa da ke murɗa masa hanji duk lokacin da aka kawo takardar ƙarya. Duk wanda ya yi aikin ofis ya san irinsa: tsohon ma'aikacin da ke riƙe da ma'aikata a kansa, shugaba yana cin sunan. Ya gano komai game da kisan, yadda aka yi da lokacin da aka yi, abu ɗaya ya kuɓuce masa, wato mai laifin, domin mutumin da ya fi amincewa da shi ne. Har ya taɓa yi wa Neff tayin zama mataimakinsa, kuma da shugaba ya fara zargin Neff, Keyes ne ya tsaya masa. A duk tsawon fim ɗin Keyes ba ya yawo da ashana, kullum Neff ne yake ƙyasta masa da farcen babban yatsa. A yanayin ƙarshe, Neff na kwance a bakin ƙofar ofis jini ya ƙare masa, hannunsa ya kasa, Keyes ya durƙusa ya ƙyasta masa.

Wilder ya ɗauki wani ƙarshen dabam, inda ake kashe Neff a ɗakin iskar guba Keyes yana kallo, amma ya cire shi, ya ce bayan ashanar nan babu abin da ya rage a faɗa. Wannan ɓangare ya ɓace, hotunansa kawai suka saura.

Sauran ’yan wasan sun haɗa da Tom Powers a matsayin mijin, Jean Heather a matsayin ’yarsa Lola, Byron Barr a matsayin saurayinta Nino Zachetti, Richard Gaines a matsayin shugaban kamfani, da Porter Hall a matsayin Jackson, fasinjan da ya tarar da Neff a taragon ƙarshe ya kusa ɓata shirin.

Bayan kyamara

An yi ɗaukar daga ƙarshen Satumba zuwa ƙarshen Nuwamban 1943, da kuɗin da bai kai dala miliyan ɗaya ba. John F. Seitz, wanda ya fara aiki tun zamanin finafinan da ba su da murya, shi ya riƙe kyamara. Ya bar ɗakuna cikin duhun da Paramount ba ta saba da shi ba, ya riƙa shigo da haske ta tsakanin labulen taga mai tsaga-tsaga, inuwar ta kwanta a jikin mutane kamar sandunan kurkuku. Don falon Dietrichson ya yi kama da gidan da ba a buɗe tagoginsa, ya sa aka riƙa watsa garin alminiyom a iska, ya fito kamar ƙura a cikin hasken rana. Miklós Rózsa, ɗan asalin Hangari, ya tsara kiɗan, mai nauyi da taku kamar na masu ɗauke da makara. Shugaban sashen kiɗa na kamfanin ya ƙi shi, Wilder ya kafe. Doane Harrison ya kula da tacewa, Hans Dreier da Hal Pereira suka tsara wurare, Edith Head ta yi tufafi.

Zamanin yaƙi ne, abinci da kati ake sayensa, don haka a kantin da Neff da Phyllis suke haɗuwa a ɓoye sai da aka sa masu gadi kada ma'aikata su yi awon gaba da gwangwanaye. Wurin nan da motarsu ta ƙi tashi bayan sun ajiye gawa ba ya cikin rubutu, motar Wilder ce ta ƙi tashi wata rana bayan an tashi aiki, ya koma ya sa aka sake ɗauka.

Yadda aka karɓe shi

Jama'a sun cika sinima. Mawaƙiya Kate Smith ta yi kira ga mutane su ƙaurace masa saboda tarbiyya, Cain ya ce kiran nata ƙarin ciniki kawai ya jawo. Masu sharhi da yawa sun yaba, musamman Howard Barnes na jaridar New York Herald Tribune, amma Bosley Crowther na New York Times ya yi masa yabo da rabin baki, James Agee kuma ya yarda da gwanintar aikin ba tare da ya ɗauke shi babban abu ba.

A shekarar ne furodusa David O. Selznick yake tallar fim ɗinsa Since You Went Away da cewa kalmomi huɗun nan su ne mafi muhimmanci a harkar fim tun bayan Gone with the Wind. Wilder ya sayi fili a jaridun masana'antar ya kwaikwayi tallar da kalmomi biyun sunan nasa fim ɗin. Selznick ya fusata. Alfred Hitchcock, wanda yake ƙarƙashin kwantiragin Selznick ɗin, ya shiga wasan da cewa kalmomi biyu mafi muhimmanci yanzu su ne Billy da Wilder.

Fim ɗin ya shiga takarar Oscar a rukuni bakwai: fim mafi kyau, darakta, jaruma, rubutu, ɗaukar hoto, kiɗa da sauti. A bikin da aka yi cikin Maris 1945 bai samu ko ɗaya ba. Going My Way na Leo McCarey, labarin wani fada mai fara'a da Bing Crosby ya fito a ciki, shi ya kwashe bakwai, kuma shi ma na Paramount ne, a bayansa kamfanin ya tsaya. Ƙasa ce mai ’ya'ya a fagen daga, ba abin mamaki ba ne ta zaɓi mai sanyaya zuciya. Ingrid Bergman ta doke Stanwyck da Gaslight, Laura ya karɓi na ɗaukar hoto. MacMurray da Robinson ko takarar ba a sa su ba. Hasali ma Robinson bai taɓa shiga takarar Oscar ba a rayuwarsa, ta girmamawa aka ba shi a 1973, bayan rasuwarsa da wata biyu. Stanwyck ta shiga sau huɗu ba ta ci ba, ita ma ta girmamawa ta samu a 1982. Wilder bai daɗe yana jira ba, shekara ta gaba The Lost Weekend ya ba shi na darakta da na rubutu.

Tasirinsa ya riga lambobin bayyana. Da aka ga Breen ya bar wannan ya wuce, sauran littattafan Cain suka fito daga aljihun tebur: Mildred Pierce a 1945, The Postman Always Rings Twice a 1946. A bazarar 1946 ɗin ne finafinan Amurka da yaƙi ya tare suka isa Paris a tare, mai sharhi Nino Frank ya kalli wannan da The Maltese Falcon da Laura da Murder, My Sweet, ya ga duhu iri ɗaya a cikinsu, ya kira su fim nuwa. Waɗanda suka yi su ba su san da wannan suna ba lokacin da suke aikin.

A 1992 Ɗakin Karatu na Majalisar Dokokin Amurka ya sa shi cikin finafinan da ake adanawa don tarihi. Cibiyar Finafinai ta Amurka ta ba shi matsayi na 38 a jerin finafinai 100 mafiya kyau a 1998, ya hau na 29 a 2007. An sake yin sa don talbijin a 1973 ba tare da ya yi armashi ba. Body Heat na Lawrence Kasdan, na 1981, a kan sawunsa ya taka, kuma masu kallon finafinan Indiya da suka ga Jism na 2003, na Bipasha Basu da John Abraham, jikan wannan labari suka kalla, domin daga Body Heat aka ɗauko shi.

Chandler ya rasu a 1959 yana jin haushin Hollywood, ya ma rubuta doguwar maƙala a 1945 kan yadda take wulaƙanta marubuta. Sai a 2009 masu nazari suka lura cewa yana cikin fim ɗin. Wajen minti na 16, lokacin da Neff yake wucewa ta barandar ofishin Keyes, akwai wani dattijo mai tabarau zaune a kujera yana karatu, ya ɗago kai ya dube shi. Shekara 65 ana kallonsa ba a gane shi ba.